Injin da Bai Taɓa Hucewa Ba

Ni ban daɗe lakwal ba, makarantar boko nike nuhi. Zama wuri guda bai karɓe ni ba tun ina ƙarami, har yau kuma bai karɓe ni ba. Na yi tallan ruwan sanyi tashar Madawa, na bi motar albasa ina lodi, na yi kabu-kabu da moton wani har munka ɓata. Wurin da ya ɗan riƙe ni shi ne garajin wani mutumin Buza can Madawa, mai gyaran injin ban ruwa, motopom ke nan. Can ma ba ladabi ya zaunar da ni ba. Ina son in ga an kwance abu ɗaiɗai, an maida shi, ya tashi.

Can na koyi zancen supap. Cikin kan injin akwai 'yan ƙofofi biyu, ɗaya ta shigar da mai da iska, ɗaya ta hidda hayaƙi. Su ne supap. Bisa kowace akwai ɗan ƙarhen da ke danna ta ta buɗe. Tsakanin ƙarhen da supap dole a bar 'yar kafa, kamar kaurin reza ko ta ɗara kaɗan, don ƙarhe in ya ji wuta miƙewa yake. In babu kafar nan, ƙofa ba ta ruhuwa sosai, wuta ta riƙa bi ta gehe tana cin bakinta har ta ƙone. Injin da kafarshi ke daidai shina 'yar ƙara, tik-tik-tik, kamar agogo. Kuma ba a auna kafar sai injin ya huce sarai, ka aza tahin hannu ka ji ƙarhe da sanyi. Wanda anka sake ma kaya sabbi shi ya hi son a duba shi, don kwanakin farko supap na ƙara zama cikin gurbinta, kafar na raguwa da kanta. Balle yanzu da mutanenmu sunka koma aiki da tukunyar gas maimakon mai. Gas ya hi zahi.

Wannan duka abin da ke akwai ke nan. Ba karatu ba ne mai wuya. Amma a kanshi yayata ta rasa rabin albasarta.

Gidanmu na wajen Sabon Gida, garkarmu cikin fadama. Injin guda gare mu, na gandu, tun Baba na da rai shi da ƙanenshi sunka saye shi. Da Baba ya rasu sai ƙanen nan nashi, Baffa, ya zama mai magana bisa komi, har injin. Waccan shekara damina ba ta yi ba, hatsin da anka samu ba ya kai mu ko'ina, kowa ya sa ranshi ga albasa. Yayata ta hi kowa. Mijinta ya tahi bidar kuɗi Libiya, tun ana jin muryarshi har anka daina, ya bar ta da yara. Ita ta karɓi rabon Baba na garka, ta yi fangali da hannunta, ta zuba iri. Sai ga injin ya mutu tun ba a fara dashe ba. Baffa ya ce a kai shi ga masu sayen tsohon ƙarhe.

Na ce a ba ni shi. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce: «Kai da ba ka ƙare komi ba tunda anka haihe ka?»

Na aza injin bisa amalanke na kai Madawa. Na kwance shi har ƙasa. Na sake zobban pisto, na wanke kai, na goge gurbin supap da hannuna har tahin hannuna ya yi kanta. Shi ne injin na farko da na tada ni kaɗai, ba mai gida tsaye bisa kaina. Ranar da ya tashi, na tsaya ina saurarenshi kamar wanda anka yi ma haihuwa.

Da na maido shi gida na tara su, Baffa da 'ya'yanshi maza biyu da yayata, na ce musu:

«Ga shi. Amma abu guda nika roƙo. In ya yi 'yan kwanaki shina aiki, ku bar mini shi ya huce, in buɗe in duba supap. Ba yini nika so ba. Daga hantsi zuwa kahin azahar ya isa.»

Baffa ya ce: «To, to, Allah shi yi albarka.» Hannunshi na bisa igiyar tadawa tun ban ruhe baki ba.

Sai ka san yadda ake ban ruwa gidanmu kahin ka gane abin da ya biyo. Da girma ake bi. Baffa ke ɗauka da an sallame asuba, lokacin da iska ke da sanyi. In ya ƙare, babban ɗanshi. Bayan shi ƙaramin. Tsakani in surukin Baffa ya aiko, ko liman, ko wanda ya taɓa ara muna tiyo wata shekara, ba a cewa a'a, abin kunya ne a ce gidan wane sun hana aron inji. Yayata ita ce ta ƙarshe, don mace ce kuma ɗiyar mamaci, sai rana ta take tsaka injin ke isowa gare ta, ya yi zahi har ba ka iya kama shi sai da tsumma. Tana gamawa wani na tsaye da jaki zai wuce da shi. Da marece 'ya'yan Baffa su sake ɗauka su kai sabuwar garkar da sunka buɗe, su raba dare can. Injin nan ya hi jakin gidanmu wahala, don jaki ko banza ana kwance mishi kaya ya yi birgima.

Kwanaki sunka wuce, na je wurin Baffa. Ya ce gobe. Na koma, ya ce ai ga shi ana dashe, in bari a ƙare. Anka ƙare dashe, ya ce yanzu ne albasa ke son ruwa. Ranar Juma'a na ce to yau dai kowa zai tahi masallaci, na ruga garka da makullaina na kwance inji, na tarar an ba wani yaro ya tsare shi shina ta aiki, wai kada ruwa ya yanke.

Ana cikin haka sai taubashin Baffa ya sa baki. Cikin fadama kowa ya san injin kowa da kuka, kamar yadda ake sanin zakaran gida. Wanga taubashi, wani tsoho mai garka gab da tamu, in ya hango Baffa sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

«Kai bawana! Injinku tasbaha yake ja? Tun sahe nike jin shi tik-tik, ko tuba ya yi?»

Baffa ya ce: «Tahi can, matsiyaci, naka da ke tari kamar tsohuwar akuya!»

«Nawa tari yake, naka haƙora ke kaɗawa. Wa ya gyara muku shi? Yaron nan mai ƙaiƙayin ƙafa? Ai ya mance cokali ciki!»

Mutane su yi ta dariya. Wasa ne, na sani, taubashi ba a hushi da shi. Amma Baffa ba ya son a yi dariyar kayanshi. Ya kira ni gaban mutane ya ce injin na da ciwo, in ji ƙarar da yake. Na ce: «Baffa, wagga ƙara ita ce lahiyarshi. Ranar da ka ji ya yi shiru, ranar za ka ji tsoro.» Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin inda surutu ya zama lahiya ba, sai ga 'yan zamani. Ya ce sababbin da ake saidawa kasuwa lumui suke. Na so in gaya mishi masu saida tsoho da sunan sabo ɗaure supap suke tam don mai saye ya ji shiru, na gani da idona. Bai tsaya ba.

Ni kuwa kunnena na gaya mini ƙarar ma raguwa take. Kafar na cikewa. Na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da har gobe ban ga laihinshi ba. Wata sahiya Baffa ya gama nashi ban ruwa ya tahi karin kumallo, kahin babban ɗanshi ya iso na kwance buji, ɗan abin da ke ba inji wuta, na sa aljihu. Injin ba ya tashi ba buji. Na ce bari in ba shi lokaci ya huce, in je gida in ɗauko reza da makulli in dawo. Ina dawowa, tun daga nesa na ji shi shina aiki. Sun aro bujin taubashin nan sun ɗaura.

Ranar na sha zagi. Baffa ya ce na yi ma gandu sata. Sata! Buji na cikin aljihuna, na hiddo na miƙa mishi, ya ƙi karɓa sai da mutane sunka taru sunka gani. Ya ce daga yau kada hannuna ya ƙara taɓa injin, in kuwa na taɓa, shi da ni sai gaban mai gari. Inna, mahaihiyata, ta ja ni gehe tana cewa in yi haƙuri, ƙanen ubana ne. Yayata ta dai dube ni, don ita ta san abin da nike gudu.

Ba a jima ba, wata rana na biyo ta fadama na ji injinmu ya canza kuka. Lumui, ba tik ko guda. Na tarar da babban ɗan Baffa tsaye shina murmushi, pansa, ƙarhen matse noti, na leƙowa daga aljihunshi.

«Ka ji shi yanzu?» ya ce. «Ɗan abu ne ya kwance ciki, na ɗaure. Kai da ka yi shekaru garaji ba ka gani ba.»

«Da zahinshi ka ɗaure?»

«To da sanyinshi zan jira? Ja igiyar ka ji, har yaro na tada shi yanzu.»

Igiya ta yi sauƙi don iska na zurarewa ta bakin supap, ƙarhin injin ne ke tahiya. Shi kuwa murna yake. Na ce mishi: «Don girman Allah ka bar ni in sassauta, ko da zahin ne, in rage ɓarna.» Ya ce Baffa ya hana, kuma ni baƙin ciki nike don ya gano abin da ya gagare ni. Na tahi wurin Baffa, na durƙusa har ƙasa, abin da ban saba ba. Ya ce taubashinshi ma ya yi shiru yanzu, me nike so kuma?

Abin da ya hi ƙona mini rai shi ne, injin bai nuna musu komi ba. Da asuba, iska da sanyi, ya ɗan sarara, sai ya yi ma Baffa aiki lahiya lau. Wajen 'ya'yanshi ya ɗan rage ƙarhi, ba su kula ba. Sai ya iso ga yayata da tsakar rana, ƙarhe ya gama miƙewa, sannan ya fara shaƙewa. Ruwa ya riƙa zuwa kamar ana tsiyaya shi daga buta. Ya mutu, ta ja igiya, ya tashi, ya sake mutuwa. Ta zo gida da hannu duk ya kumbura. Da ta faɗa, sai anka ce ai mata ba su iya da inji ba, ga shi kowa na aiki da shi lahiya sai ita.

A hannunta ya ƙare. Ina gida ɗanta ya rugo ya ce uwarshi ta ce in zo. Na tarar da ita zaune bakin rijiya, injin na gehe shina ƙamshin ƙuna, rabin fangalinta ko ɗigo bai samu ba. Na ja igiya, ta taho ba nauyi ko kaɗan, kamar ba komi ciki. Ban ma buɗe ba na san supap ɗin hayaƙi ta tahi.

Ta ce: «Auta, ya mutu ko?»

Na ce ya mutu.

Ta ce: «To. Ɗauko mini wasaki.»

Da marece anka yi zaman gida. Baffa ya yanke magana biyu: gyaran bai yi ba tun farko, kuma ita ta ƙarasa shi. Babban ɗanshi na zaune shina kallon ƙasa, pansa dai ba ta cikin aljihu ranar. Na tashi zan yi magana, Inna ta riƙe mini riga. Na ce sai na faɗa. Na faɗa kuwa, duka, da ƙarhi, har maƙwabta sunka leƙo. Abin da anka riƙe cikin maganata kawai shi ne na ɗaga ma Baffa murya. Washegari ni anka sa na ba da haƙuri.

Baffa da 'ya'yanshi ba su rasa ruwa ba. Namiji in injinshi ya mutu, aro yake, kuma ana ba shi, wanda ya ara ma jiya shi zai ara mishi yau. Yayata ba ta taɓa ara ma kowa komi ba, don ba ta da shi. Wanda ta tambaya sai ya ce injin na wurin wane, ta bari ya dawo. Ni da ita da manyan yaranta munka koma ja da hannu. Wanda bai taɓa ba albasa ruwa da wasaki ba cikin zahin nan, kada ya ce mini komi. Ka zuba nan, kahin ka dawo da na biyu ƙasa ta shanye ta yi fari. Munka ga ba mu iyawa duka, ta tsaya ta dubi garkar, ta nuna da hannu ta ce daga nan zuwa can mu bar ma Allah. Fangalin da ke nesa da rijiya munka bari. Ina kallo ganyensu ya kwanta, ya yi rawaya, ya bushe. Ita ba ta ko waiwaya wajen, in za ta wuce sai ta bi ta ɗaya gehen.

Aro ba ya ɗorewa, masu injin su ma suna so. Sai ga Inna ta zo mini da saƙo, wai Baffa ya ce in ina iyawa in duba injin. Bai kira ni ba, aike ya yi. Na so in ce a kai ma mai pansa. Wallahi har na buɗe baki. Sai na tuna rabin da ya rage ma yayata, da hannunta da ya fashe, na haɗiye.

Na kai shi Madawa na buɗe. Bakin supap ya cinye gehe guda kamar ɓera ya gatsa. Mai gidana na garaji ya juya ta cikin hannu ya ce: «Wa ya ɗaure wannan?» Na ce 'yan gida. Ya ce: «Kullum su ne.» Ya ba ni wata, na goge gurbi, na maida komi, na bar kafa daidai.

Da na dawo ban bi ta gida ba. Na wuce da amalanke kai tsaye garkar yayata, da hantsi, lokacin da ba nata ba. Na ɗaura tiyo na tada shi, tik-tik-tik, ruwa ya taho da ƙarhi har ya ture bakin fangali. Ƙaramin ɗan Baffa ya zo ya ce Baffa na jira. Na ce a gaya mishi gyara bai ƙare ba, injin na gwaji, kuma nan zai yi gwajin. Da marece na kai shi ɗakin Inna na ja ƙofa. Haka na yi ta yi 'yan kwanaki, ita ke fara sha, sannan in kai ma Baffa da kaina in tsaya har ya gama in ɗauko abina. Ba wanda ya kai ni gaban mai gari.

Ranar da na ga ya isa dubawa, yayata ta gama ban ruwa na kashe shi, na zauna ƙasa kusa da shi na miƙe ƙafa. Babban ɗan Baffa ya iso da jaki. Na ce sai ya huce. Ya tahi ya zo da Baffa. Taubashin ma ya taso daga garkarshi don kada a ba shi labari.

Baffa ya ce: «Me kake jira?»

«Ya huce, Baffa.»

«Albasata na ƙuna kana zaune?»

Na dubi wajen fangalin yayata da sunka bushe. Shi ma ya duba. Ya gyara hula, ya yi tsaki, amma bai matso ba.

Taubashin ya ce: «Yau ga abin mamaki, yaron nan ya zauna! Bawana, zauna kai ma, ka ga yadda ake jinyar ƙarhe.»

Ban taɓa zama mai tsawo irin na ranar ba. Ƙudaje na bina, ƙafata na ƙaiƙayi, ɗan Baffa na kai da kawowa shina huci. Lokaci lokaci in aza hannu bisa kan injin in ɗauke. Yayata ta kawo mini hura cikin kwano ta aje, ta koma ciran haki. Sai da na ji ƙarhe ya yi sanyi kamar randa, sannan na kwance murhin kan injin. Na zura reza, ta ƙi shiga wajen supap ɗin hayaƙi. Ta riga ta fara cikewa, cikin 'yan kwanakin nan kawai. Na sassauta, na auna, na ɗaure, na maida murhi. Aikin duka bai kai shan shayi guda ba. Shi ke nan abin da na yi ta roƙo tun farko.

Na ja igiya ya tashi da tik-tik ɗinshi. Taubashin ya ce: «Ya koma tasbaha!» Baffa ya ce ma ɗanshi ya ɗauka su tahi, rana na yi.

Yayata ta kwashe abin da ya tsira, ya kai ta har ruwa ya sauka da ƙyar, da taimakon Inna. Ni kuwa ban kai ƙarshen kwasar albasa ba ƙafata ta motsa, na tahi Keita wurin wani mai injin niƙa. Kahin in tahi na koya ma yayata aikin, na bar mata makulli da reza cikin gwangwanin tumatir. Ita ke dubawa yanzu, ranar da ta samu injin da sanyi, in ta samu. Har yau ita ce ta ƙarshe ga layi. Baffa kuwa, in zancen ya taso, cewa yake injin nan bai ƙara daidai ba tunda na taɓa shi, ga shi nan har yanzu shina surutu.